Madarar Ot Ba Ta Son Hannu

Duk yarinyar da ta shigo gidana riƙe da waya, kafin ta gama gaisuwa na san abin da ke bakinta. "Goggo, ashe abin nan ba wuya. A jiƙa, a markaɗa, a tace, shi ke nan." Sai in ce mata haka ne, in miƙa mata ƙyallen tata. Kafin ta matse rabin bokiti hannunta ya gaji, ta koma neman kujera. Sana'ata ita ce fitar da madara daga abin da ba shi da hantsa: aya, waken soya, gyaɗa, wani lokaci har shinkafa. A kanta na tsufa. Da a 'yan shekarun baya kuka zo mini, da na zayyana muku komai ba tare da na tsaya ba, don a lokacin na ɗauka na san aikin. Yanzu akwai wurin da in na zo sai bakina ya yi nauyi. Shi nake so in ba ku labari, ko a cikinku a sami wadda za ta gane abin da ni ban gane ba.

Buhun aya na farko da na wanke, a zangon Kumasi ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin goro yake yi, ya ajiye ni wurin wata ƙanwar babansa da ake kira Mma Zinatu. Na daɗe a gidanta ban taɓa dutsen niƙa ba, aikina tsince tsakuwa. Aya tana zuwa da tsakuwa mai kamarta sak, ido ba ya raba su, sai yatsa. In an gama tata, Mma Zinatu takan kurɓa ta haɗa haƙoranta a hankali. Da ta ji ƙas, ni za a nema. Dokokinta ba su da yawa. A jiƙa har ayar ta ƙoshi. A niƙa har ta mutu. A matsa har dusa ta bushe a tafin hannu. Takan ɗebi dusar da na zubar ta dunƙule, in ɗigo ɗaya ya fito sai ta nuna wa 'yan gidan gaba ɗaya. Kalmar farko da na iya a Tonanci, yaren Tonawan Kumasi, ita ce wadda ake kiran malalaciya da ita.

Daga can na bi maigida wurare. Tonawa sukan dafa ruwan aya da garin shinkafa ya yi kauri, su sha da cokali, mu kuwa ɗaga ƙwarya muke yi. A Injamena na ga mata suna dama gyaɗa a kunu har mai ya taso samansa. A Umdurman dawa suke jiƙawa ta tsira kafin su yi abin shan azumi. A Jidda na yi aikatau a gida ɗaya da wata 'yar tsibirin Jawa, ita ta nuna mini yadda ake tafasa madarar soya a kwashe kumfa har gafin wake ya fita, da yadda ake zuba ruwan tsami ta dunƙule. Larabcinta gurgu, nawa gurgu, amma a gaban tukunya ba mu taɓa saɓani ba. Harshe ya bambanta, murhu ya bambanta. Ƙasar da aka ce kada a jiƙa, kada a matsa, kada a dafa, ita ce ban taɓa zuwa ba.

Da na dawo ƙauyenmu na nan kusa da Kunci, kayan aikina ba su cika ɗaki ba: randa biyu da na binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi, babbar tukunya, maburgi, ludayi, da ƙyallayen tata. Tsohon ƙyalle ya fi sabo, ku riƙe wannan. Sabo yana barin gari ya wuce, kuma yana da warin kanti. Dutsen niƙa na ajiye shi tun da Ɗanliti ya kafa inji a bakin masallaci. Sai dai mai wannan sana'a ita ce ta farko a layin inji, kafin mata su kawo tattasai da waken ƙosai, in ba haka ba kunun ayarki ya fito da yaji. Ranar kasuwar Kunci nakan sayar a gora. Da rani masu tafiya aikin lambu Watari sukan ɗauki jarka guda su rataya a babur. Na san wanda ke son kanumfari, na san wanda in ya ji citta ta yi yawa zai fasa gaishe ni kwana biyu.

Na ga muguwar shekara. Amai da gudawa suka shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu, kowa ya daina shan abin da ba daga tukunyarsa ya fito ba. Ina tafasa ruwana, ina wanke gorunana da ruwan zafi, amma wa zai tsaya ya tambaya? Kunun aya ba ya jiran mai saye, kafin la'asar ya yi tsami. Awakina suka sha har suka ƙi. Na koma suyar awara, don mutane sun yarda da abin da suka ga ya fito daga tafasasshen mai. Na sha wuya a shekarar, amma ban rikice ba. Na san abin da ya same ni, na san dalilinsa.

Aikin da ya rikita ni, na Malam Isiyaku ne. Ɗan kawuna ne, taubashina, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi ke koya wa yaran unguwa karatun allo a zaurensa, da damina ya yi nomansa. Tunda na dawo bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ta-Yawo. Ni kuma nakan ce masa mutumin da ya ɗauka duniya ta ƙare a Bacirawa. Abincinsa na rana tun yana saurayi fura da nono. Bayan kaka ɗaya ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka dawo da shi daga asibiti bakinsa a karkace, maganarsa sai an kasa kunne.

Ciwon bai ba mu tsoro kamar rashin cin abincin ba. Nono ya koma ɓata masa ciki. Koko kuwa ya ce an ba shi a asibiti wanda zai ishe shi har lahira, in an kawo sai ya datse haƙora. Na kai masa madarar soya, ya ce yana jin wake. Na kai kunun aya, ya kurɓa ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kaɗa. Duk abin da ya kurɓa haka. Matarsa Yahanasu, in ta ga ya ƙware, sai ta ƙara wa abin ruwa, don mu a saninmu mara lafiya abu mai ruwa-ruwa ake ba shi. Ni ma haka na ce mata ta yi. Hularsa ta fara sauko masa kan kunne. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai a mayar da shi a sa masa roba ta hanci. Malam ya ce wanda ya ɗauke shi zuwa wurin robar nan bai yafe ba.

Ana cikin haka 'yarsa Bilkisu, wadda ke koyarwa a firamare a Bacirawa, ta zo da wata leda. Ta buɗe mini a tsakar gida. Wani hatsi ne fari-fari, a baje, kamar an bi ta kansa da dutsen guga.

"Goggo, sunansa ot. Ana yin madara da shi, ba ta da nauyi, ba ta ɓata ciki."

"Na san shi," na ce. "Shufan ne da Larabci. A Jidda da safe ake dafa wa yara, a zuba masa madarar shanu."

"To shi ne."

"Abin da ake zuba wa madara, shi kuma zai zama madarar?"

"Goggo ke dai kalli nan."

Ta nuna mini wata mata a waya. Ta zuba hatsin a bilenda, ta zuba ruwa, abin ya yi ƙara, ta juye a ƙyalle, madara ta sauko fara tas. Na ce wa Bilkisu ta koma bakin aikinta, gobe babanta zai sha. A raina na ce wannan ai wasan yara ne.

Da la'asar na wanke shi na jiƙa, ya kwana. Da safe na sa hannu a roba, na ji kamar na taɓa kuɓewa. Na ce wataƙila haka yake farawa. Na ɗauka na tafi inji, ni ce ta farko kamar kullum. Ɗanliti ya zuba, injin ya yi gurnani, abin ya riƙa fitowa yana ja kamar igiya, da ɗumi.

"Hajiya, yau karkashi kika kawo mini?"

"Madara ce."

Ya dube ni, ya dubi bakin injinsa. "To Allah ya ba saniyar lafiya."

A gida na juye a ƙyalle na murɗa. Ƙyallen ya toshe. Na ƙara ƙarfi, abin ya riƙa tsartuwa ta ƙofofin zaren yana sulɓi, ya naɗe mini yatsu. Na ce wuta za ta gyara, don ban taɓa ganin madarar da wuta ba ta gyara ba. Na ɗora. Kafin in juya in ɗauko ludayi ta zama talge. Na zuba ruwan tsami ko za ta dunƙule kamar awara. Ta yi tsami, ba ta dunƙule ba.

Na zauna na yi lissafin inda na yi sake. Na ce jiƙon bai isa ba, na ƙara masa wuni. Ya fi na jiya yauƙi. Na ce niƙan ne, na sa Ɗanliti ya maimaita, har ya ce daga yau in zan kawo wannan abin in zo da mai wanke masa inji. Na canza ƙyalle. Na canza rijiya. Na ce ko hatsin ya daɗe a kanti ne, na aika aka sayo wani. Duk abin da na san yana gyara aiki na yi shi, kuma duk wanda na ƙara sai abin ya ƙara lalacewa. Na tambayi kaina da Hausa, na tambaya da Larabci, ban sami amsa ba.

Hatsi kuma ba a zubar da shi. Wanda bai yi tsami ba na riƙa kwaɓa fulawar fanke da shi maimakon ruwa, fanken ya yi laushi har maƙwabta suka tambayi abin da na sa. Na zuba a ƙullun waina, ta tashi da kyau. Sauran na ba awaki. Duk wannan ba abin da aka sa ni ba ne. Ta bayan katanga ina jin tarin Malam, kullum muryar tana ƙara sirancewa.

Ranar Asabar Bilkisu ta dawo. Na nuna mata robar jiƙon. Ta sa yatsa ta ɗaga, abin ya biyo ta.

"Goggo, kin kuwa kalli bidiyon?"

"A gabanki na kalla."

"Kin ga matar ta jiƙa?"

"Ai an yanke wurin ne. Wa zai tsaya nuna jiƙo? Kowa ya san ana jiƙawa."

"Ba a yanke komai ba. Kin ga ta matsa?"

"Na ga dai ba ta da ƙarfi. Na ɗauka in an kashe wayar wata ke zuwa ta ƙarasa mata."

Bilkisu ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban sani ba ko dariya take ko wani abin. Da ta buɗe ta ce, "Ba a jiƙawa. Ruwa mai sanyi ake sawa. Markaɗen kaɗan ne, kamar a ce an fara an fasa. Ba a matsawa, a bar shi ya ɗiga da kansa. Kuma kada ya ga wuta."

"To ina aikin?"

"Shi ke nan aikin."

"Dusar fa? Da madararta a jiki za a zubar?"

"Goggo, don Allah."

Ba mu da bilenda, wutar ma ba ta zuwa. Na zuba hatsin a turmi a bushe na ɗan farfasa, abin da ko yaro ba zai kira daka ba. Na ɗebo ruwa daga ƙasan randa na zuba, na burga da maburgi kaɗan, Bilkisu ta ce ya isa. Na juye a ƙyalle na rataya a reshen dalbejiya, na ajiye ƙwarya a ƙasa. Sannan na zauna na danne hannuwana da cinya, don in na bar su za su tashi su matsa. Tana ɗiga ina kallo. Ta sauko fara, tsinkakkiya, ba yauƙi ko kaɗan. Na kurɓa. Akwai ɗan gardi, akwai ɗan zaƙi can baya. Tunda nake ban taɓa yin aikin ragwanci irin wannan ba, kuma ban taɓa fitar da madara mai kyan gani kamarta ba. Har yau ban san abin da zan yi da wannan ba.

Da hantsi muka kai masa. An jingina shi da filo a kan tabarma. Ya dube ni da ido ɗaya mai kyau.

"Ta-Yawo. Yau kuma daga wace ƙasa?"

"Daga bayan katangarka. Buɗe baki."

Bilkisu ta tallafi kansa, na kai masa kofi. Ya kurɓa sau ɗaya. Bai ko kai ga haɗiyewa ba ta wuce masa inda ba a so. Ya ƙware ƙwarewar da ta fi ta kullum, madarar ta fito ta hanci, jikinsa duk ya ɗauki rawa. Da ya samu numfashi ya juya fuska bango.

"Ku bar ni haka," ya ce.

Muka fito tsakar gida ni da Bilkisu. Ta ce za ta kira mai mota, gara ya yi fushi da ita yana raye. Na ce ta bari zuwa azahar. Ta ce azahar ɗin me za ta kawo? Mun daɗe a tsaye muna maimaita magana ɗaya, ba mu lura Yahanasu ta ɗauke ƙwaryar ba. Sai da na ji ƙamshin gawayi na waiwaya. Tana tsugune gaban kurfoti tana juya ƙaramar tukunya.

"Inna, me kika yi?" in ji Bilkisu. "An ce kada ta ga wuta."

"Wa ya ce?"

"Haka ake yi."

"A ina aka taɓa ba mara lafiya ruwan randa? Ai sanyin ne ya sarƙe shi." Ta ɗaga cokali. Madarar ta yi kauri, tana biyo cokalin tana ja. Ta dube ni. "Yaya, haka take yi?"

"Haka take yi in ta lalace," na ce. "Irin wannan nake ba awaki tun ranar Lahadi."

"To awaki sun mutu?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juye a kwano, ta fifita ta huce, ta shige ɗaki. Muka bi ta don mu hana. Ta zauna a gefensa ta ce, "Malam, juyo." Bai juyo ba. Ta ce, "Ni ce, ba su ba." Ya juyo. Ta ɗebi rabin cokali ta sa masa a gefen bakin da ke aiki.

Muka tsaya muna jiran tarin. Na ga maƙogwaronsa ya hau, ya tsaya, ya sauka. Shiru. Yahanasu ta sake ɗebowa. Ya sake haɗiyewa.

Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta gaya wa Bilkisu cewa mai irin wannan ciwo, abu tsinkakke yana riga maƙogwaronsa gudu, mai kauri da santsi shi ke tafiya a hankali har ya bi hanya. Ke nan ruwan da muka yi ta ƙarawa, shi ke shaƙe shi. Na ji, na kuma yarda. Abin da ban gane ba har gobe shi ne wacce ce madarar. Yanzu iri biyu nake yi. Akwai mutanen Bacirawa da Bilkisu ke kai wa tsinkakkiyar a gora, suna zubawa a shayi, in ta yi yauƙi kaɗan su dawo da ita. Akwai gidaje a nan ƙauyukanmu masu tsofaffi a kwance, su kuma mai yauƙin suke aikowa a karɓa, in ta tsinke su ce na fara ha'inci. Wadda na yi wa aiki ita ce ɓatacciya a wurin waɗancan. Wadda ban yi wa komai ba ita ce ɓatacciya a wurin waɗannan. In kun ce in koya muku, sai ku fara gaya mini wanda zai sha.

A ranar dai ba wanda ya yi wannan tunani. Ido muka zuba wa cokali. Da kwanon ya yi rabi Malam ya ɗaga hannun hagu, Yahanasu ta dakata. Ya motsa baki, muka matso.

"Wa ya yi wannan?"

"Yaya ce ta yi, ni na ɗumama."

Ya nemo ni da ido. "Ta-Yawo. Duk ƙasashen nan, miya ba gishiri kika koyo?"

"Ba miya ba ce, Baba," in ji Bilkisu. "Madara ce."

"Na san miya in na gan ta. A sa gishiri."

"Likita ya hana ka gishiri."

Ya lumshe ido yana numfashi. Na ɗauka ya gaji ne, zai sake juyawa bango.

"To a sa daddawa," ya ce. "Kuma a tuƙa tuwo mai laushi. Wa yake shan miya zalla?"

Bilkisu ta dube ni, na dubi Yahanasu. Yahanasu ta miƙa mini kwanon da cokalin ta tashi, sai ga ta a tsakar gida tana kiran a kawo mata garin dawa. Na zauna a wurinta. Malam ya buɗe baki tun ban ɗebo ba.